Tsokar da aka binne a gindin gwanda

Sadik, Hafsa, ku nake rubuta wa. Lokacin da abin ya faru kai Sadik kana aji ɗaya na firamare, ke kuma Hafsa kina goye, don haka abin da kuka sani game da hannun Baba shi ne abin da aka gaya muku: wai mutanen asibiti ne suka ɓatar da tsokar da aka yanka a wuyansa, shi ya sa aka daɗe ba a gane ciwonsa ba. Jiya na ji Sadik yana maimaita wa abokinsa wannan magana a ƙofar gida, har da ƙarin zagi. Ƙarya ce. Ba wanda ya ɓatar da komai. Na san inda tsokar take, zan iya taka muku wurin da ƙafata. Kun san ni, in mutum uku suka zuba min ido ba na iya magana, shi ya sa na sayi wannan littafi mai fallaye arba'in na zauna da biro. Bana zan gama sakandare. A waccan shekarar ina aji biyu na ƙaramar sakandare, ni ce mai wanki da shara, kuma ni ce wadda ba a tuna tana wurin in manya suna magana.

Ku ba ku san Baba a matsayin kafinta ba. Shi ne wanda ake nema tun daga Mararaba har cikin gari in za a ɗora rufi ko a sa silin. Yakan riƙe ƙusa huɗu a leɓensa, ya buga kowace sau biyu ta shige. Wata rana ya samu aiki a unguwar Gudu, wani tsohon sito da aka daɗe da rufewa, aka ce ya cire silin ɗin ya sa sabo. Da ya dawo na karɓi rigarsa zan jiƙa, na ga aljihunta da kwalarta cike da wasu baƙaƙen ƙwayoyi kamar ƙonanniyar shinkafa, ga wari mai hawa kai. Ya yi dariya ya ce jemagu ne suka yi shekaru suna haya a saman silin ɗin ba su biya, da ya ɓalle allon farko kashinsu ya zubo masa kamar ruwan sama. Sati biyu ya yi yana wannan aiki. Ba wanda ya sake tunawa da shi.

Kusan shekara guda bayan haka wani ƙullutu ya fito masa a ƙarƙashin muƙamuƙi. Ba ya ciwo. Mama ta ce kaluluwa ce, ta shafa masa man zafi. Sai wasu ƙananan ƙuraje suka fito masa a baya, guda bakwai, na ƙirga su ranar da yake wanka da rana a tsakar gida, kowanne da ɗan rami a tsakiya kamar an danna shi da kan allura. Zazzaɓi ya riƙa zuwa da yamma yana tafiya. Mai kemis na layinmu ya ce maleriya, ya koma ya ce taifot. Wandon Baba ya fara zamewa, ya huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa. Da ƙullutun ya kai girman ƙwan zabo muka je wani asibiti a cikin gari, aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙirji, ba a ga abin kamawa ba. Likitan ya ce sai an yanko ƙullutun an aika da shi a duba.

A nan Baffa Lawan ya shigo. Kun san shi, yayan Baba, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar kakanmu. Baba bai taɓa ɗaga ido ya dube shi ba, ko a waya yake magana da shi sai ya cire hannu daga aljihu. Da ya ji za a sa wa ƙanensa wuƙa ya taho daga ƙauye da jakarsa da butarsa, ya sauka a ɗakin ƙofar gida.

Ran Juma'a aka yi aikin. Mama tana ciki wurin Baba, ni da Baffa muna kan benci a baranda, sai wata nas ta fito da kwalbar roba mai jan murfi. A ciki akwai ruwa garai-garai, a cikin ruwan kuma wata tsoka fara-fara tana lilo. An manna filasta a jiki an rubuta sunan Baba, an ma rubuta shi ba daidai ba. Ta miƙa wa Baffa kwalbar da wata takarda ruwan ɗorawa, tana kallon wayarta.

"Oga, ka kai shi lab ran Monde. Adireshi yana baya. Kar ka buɗe shi fa."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Na sha juya wannan a raina. Mutum ya zo daga ƙauye, bai iya karatun boko ba, an miƙa masa naman ɗan'uwansa a kwalba, ba wanda ya zauna minti biyu ya gaya masa me za a yi da shi, ko me zai faru in ba a kai ba. Ina jin haushin matar nan har yau, ko fuskarta ban manta ba, da jan farcenta da ya fara ɓarewa.

Washegari da hantsi ina shanya a bayan gida. Zanin gado ya kare ni, Baffa bai gan ni ba. Ya zo da fartanya da buta da ƙyallen farin yadi. Ya tsuguna a gindin gwandar nan da ke kusa da katanga, ya haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya. Ya buɗe kwalbar, warin ruwan ya buge shi har ya kau da kai yana tari, ya tsiyaye shi a ƙasa. Ya wanke tsokar da ruwan buta a hankali, kamar mai wanke jariri, ya naɗe ta a farin ƙyallen, ya sa a ramin, ya mayar da ƙasa, ya ɗora dutse. Leɓensa na motsi. Da ya miƙe sai iska ta ɗaga zanin, muka haɗa ido.

"Takwarar Inna, tun yaushe kike nan?"

Sunan mahaifiyarsu aka sa min, shi ya sa yake kirana haka, Baba kuma yake ce min Uwata.

"Ɗan Adam yana da daraja," in ji shi. "Ko cibiyar jariri binne ta ake, balle tsokar magidanci. Ke kin san abin da suke yi da naman mutane a garin nan? Ba da ni za a kai jikin Isiyaku a jera a kan kanta kamar kayan shago ba. Ciwon an riga an cire shi, ga shi nan a ƙasa. Ba ki ga komai ba, kin ji ko?"

Na gyaɗa kai. Abin da na yi ke nan, ku riƙe shi.

Ran Litinin ya sa babbar riga ya fita, ya dawo bayan la'asar ya ce ya kai, an ce sati uku. Takalminsa babu alamar doguwar tafiya, kuma ya dawo da ledar dabino irin ta bakin masallacin kasuwar Wuse. Kwana biyu bayan haka ina share ɗakinsa na ga takardar nan ruwan ɗorawa, ya yayyafa mata ruwa ya naɗe goro da ita. Na zare ta, na shanya, na sa ta a tsakiyar littafina na kimiyya. Ban san dalilin da ya sa na ajiye ba. Da sati uku suka cika ya sake sa babbar riga ya fita, ya dawo yana faɗa tun daga zaure, wai sun ce sun nema sun rasa.

Likitan bai tambayi ko da ɗan katin da ake bayarwa in an karɓi abu ba. Mutane sun cika ƙofarsa har kan matakala. Ya taɓa wuyan Baba, ya ce yawancin irin wannan kumburi tarin fuka ne da ya sauka a wuya, a fara magani kawai. Baba ko tari ba ya yi.

Wata biyar Baba yana haɗiyar manyan ƙwayoyi kafin karyawa. Fitsarinsa ya koma ja kamar ruwan zoɓo da aka sirka, guminsa ya ɓata wuyan fararen rigunansa. Aka ware masa kofi da kwano, aka ɗaura wa cokalinsa jan zare. Aka hana ku shiga ɗakinsa. Ke Hafsa kina rarrafe zuwa ƙofar ana ɗauke ki kina ihu, shi kuma yana juya fuska bango. Maman Blessing da muke raba rijiya da ita ta daina aiko 'ya'yanta. Masu ba shi aiki suka ji labari suka nemi wani. Duk wannan a kan ciwon da ba shi da shi. Ƙurajen bayansa suka zama goma sha tara. Wurin da aka yanka ya ƙi rufewa. A wata na uku tsintsiyar hannunsa na dama ta fara kumbura, wata safiya yana gyara ƙafar kujerar Mama hama ta suɓuce masa ta faɗi. Ya tsaya yana kallonta a ƙasa, bai ɗauka ba.

Ni kuma kullum ina buɗe littafin kimiyya a aji ina ganin takardar. Sau nawa na bi Mama kicin da niyyar faɗa, sai in ji Baffa ya yi gyaran murya a zaure, in ɗauki tsintsiya in fita. Na riƙa gaya wa kaina ai likita ya san abin da yake yi, ai magani zai yi aiki. A gidanmu an koya min yarinya ba ta ƙaryata babba. Ba a taɓa koya min abin da yarinya za ta yi in babba ya yi ƙarya ba.

Da aka yi hoton hannun, ƙashin ya fito da ramuka kamar katakon da gara ta ci. Aka tura mu babban asibiti. Likitan ƙashi ya ce yana tsoron ciwon daji ne, in kuwa shi ne wataƙila sai an yanke hannun, amma ba zai taɓa komai ba sai an sake ɗebo tsoka an duba. Muka dawo gida aka zauna a tsakar gida bayan azahar, Baba a kan tabarma ya rungume hannunsa, Baffa a kan kujera.

"Ba za a sake yanka shi ba," in ji Baffa. "Na farko ina yake? Mutanen da suka kasa riƙe kwalba ɗaya! Gobe zan tafi da shi gida, akwai mai magani a ƙauyen gaba da mu."

Mama tana ta murza bakin zaninta. Na ga ta kusa yarda. Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko takardar na ɗora mata a cinya. Shatin goro yana jiki har lokacin. Mama ta yi firamare, ta karanta sunan Baba, ta juya ta ga adireshin.

"Wannan ba ita ce ake haɗawa da kwalbar ba? Ina kika samo ta?"

"Bai kai ba," na ce. "Tana gindin gwanda."

Mama ta juya ta dubi Baffa.

"Yaya," Mama ta ce, "gaskiya ne?"

"Na suturta jikin ɗan'uwana. In laifi ne na yi."

"Ka tambayi wani malami? Ko liman na bakin titi ka tambaya?"

"Sai na tambaya kafin in binne abin da ya fito daga jikin Musulmi?"

"To da ka binne, me ya hana ka faɗa? Wata biyar, Yaya! Wata biyar ina ɗauke masa 'yarsa daga ƙofa! Kana zaune a zauren nan kana cin tuwona kana zagin mutanen da ba su san hawa ba!"

"Isiyaku, kana ji matarka tana ɗaga min murya?"

Baba bai ɗago ba. Ya daɗe yana kallon hannunsa. Sannan ya ce, a hankali, "Yaya, gobe zan koma asibiti." A iya sanina wannan ne karo na farko da ya saɓa masa. Baffa ya haɗa jakarsa kafin magariba. Daga baya dangi suka yi ta kiran waya, aka daidaita a kan cewa maganar ta tsaya a cikin gida, a bar ta a kan asibiti, don kar a zubar wa babba mutunci a ƙauye. Mutuncin Baffa aka tattauna. Ban ji wanda ya kira ya tambayi hannun ba.

Karo na biyu an ɗebo daga hannun da kuma ƙurji ɗaya na baya. Ni da Mama muka kai. Na rungume kwalaben biyu a cikin hijabina, a tasi mai kore da fari duk ramin da muka faɗa sai in ji ruwan ya motsa a ƙirjina. Lab ɗin yana can ƙarshen asibitin bayan ɗakin wanki, wuri shiru mai warin ruwan kwalbar. Aka karɓa, aka rubuta lamba, aka ba mu kati. Abin bai kai minti biyar ba. Na tsaya ina kallon katin ina jin kamar in fasa ihu.

Bayan kwana goma sha biyu aka ce likitar lab ɗin tana son ganin iyalin mara lafiya da kanta. Sunanta Dokta Ladi, gajeriya mai furfura a gaban goshi, gilashinta rataye da igiyar takalmi. Hausarta irin ta mutanen tsakiyar ƙasa ce, kowa "ka" take ce masa.

"Madam, zauna. Ba kansa ba ne, ba ciwon daji ba ne. Ba tibi ba ne kuma, tarin fukan da aka ce. Wa ya sa shi a maganin tibi ba a duba ba?"

Mama ta fara kuka. Dokta Ladi ta miƙa mata tishu, ta ga ni ina satar kallon na'urar da ke kan teburinta, madubi mai ido biyu da fitila a ƙasa.

"Kai, 'yar makaranta, zo ka gani. Ba ya cizo."

Ta nuna min wani ɗan dunƙulen kaki fari, bai kai akwatin ashana ba, da lambar Baba a jiki. Tsokar tana ciki. Ta ce sai sun daskarar da ita a kaki sannan injin ya iya yanka ta siriri, ya fi bawon albasa siranta nesa ba kusa ba, a ɗora a gilashi, a rina. Na sa ido. Da farko ban ga komai ba sai gashin idona. Ta murɗa wani abu, sai ga fili ruwan hoda da shuɗi-shuɗi, a cikinsa wasu manyan jakunkuna cike da ƙwayoyi zagayayyu masu kaurin bango. Ta canza gilashi ta sa wanda aka rina da wani rini, ƙwayoyin suka fito baƙi ƙirin a kan kore. Wasu sun manne biyu-biyu da siririn wuya a tsakani, kamar gyaɗa mai 'ya'ya biyu a cikin ɓawonta.

"Ka gan su? Dangin fumfuna ne, irin wanda ke fitowa a burodi, amma wannan a ƙasa yake zama, inda kashin tsuntsu ko na jemage ya taru. Mutum ya shaƙa, ya kwanta a jiki shiru, daga baya ya fito a fata, a wuya, a ƙashi. Ba a cika ganin shi ba. A hoto kamar kansa, a hannu kamar tibi. Sai an sa ido a nan ake raba su. Mijinka yana noma ne, Madam? Yana shiga kogo?"

Mama ta girgiza kai. Ni na ce, "Sito a Gudu. Jemagu a silin." Na ba ta labarin aljihun rigar, ban taɓa yin magana mai tsawon haka da baƙo ba. Ta cire gilashinta ta dube ni, ta rubuta abin da na faɗa a takardar Baba.

Sai na yi tambayar da ta hana ni sukuni. Na ce da an kawo ta farko, wata shida baya, za a ga wannan?

"Za a gani. Suna da girma, ba su ɓuya."

"Da hannun bai lalace ba?"

"Ban iya rantse maka ba. Amma lokacin bai shiga ƙashi ba, ko?"

Na tambaye ta me ake yi da sauran tsokar. Ta buɗe wata durowa, ga dunƙulen kaki jere ɗaruruwa, kowanne da lambarsa. Ta ce ajiye su ake shekaru, ko za a buƙaci sake dubawa. Babu ƙura a kansu. Wannan ita ce kantar da Baffa yake tsoro.

Aka kwantar da Baba sati biyu ana sa masa wani ƙarin ruwa mai launin ɗorawa da ke sa shi makyarkyata har gadon ƙarfen yana ƙara. Bayan nan ƙwayoyi na shekara guda. A wata na biyu ƙurajen suka fara bushewa, wuyan ya rufe, aka kwance jan zaren cokali. Ba a yanke hannun ba. Amma ƙashin da aka ci bai dawo ba, tsintsiyar hannun ta sandare, yatsu uku ba su dunƙulewa. Shi ya sa kuka san shi a rumfar ƙusoshi da makullai a kasuwar Gudu, yana auna wa wasu kafintoci ƙusa, yana kallonsu suna tafiya da ita.

Ba na cewa ku tsani Baffa. Na ga yadda ya wanke tsokar nan, ba mugunta ta sa shi ba. Binnewar zan iya yafewa. Ƙaryar wata biyar ce ba zan iya ba, da yadda har yau in ya zo Sallah yake kallon hannun Baba ya ce haka Allah ya ƙaddara, kowa ya ce haka ne. Nakan durƙusa in gaishe shi, in kai masa ruwa. Ba na ɗaga ido in dube shi, shi yana zaton kunya ce.

Saura ni. Ranar da Baba ya buɗe rumfar na je taya shi jera kaya. Yana son kafa wani katako da zai rataye makullai, ya ɗauki hama da hagu, ya gwada riƙe ƙusa da dama, ta faɗi sau uku. Ni na tsaya ina kallo. Bai dube ni ba ya ce:

"Uwata, takardar nan. Tun yaushe take wurinki?"

Da na ce a ranar da na miƙa wa Mama na tsince ta, da ya yarda.

"Tun kwana biyar da yin aikin," na ce. "Kuma ina wurin lokacin da aka binne."

Ya ajiye hamar. Wani mai baro ya wuce yana ihun a ba shi hanya, wata mata ta tambayi kuɗin kwaɗo ta tafi ba wanda ya amsa mata. Na jira ya yi faɗa. Na so ya yi, da na samu sauƙi. Ya sunkuya ya tsinci ƙusar daga ƙasa ya miƙo min.

"Riƙe min. Ki riƙe ta tsaye."

Na ɗora ta a katakon, na kama da yatsu biyu. Hagunsa bai saba ba. Bugun farko ya kauce ya same ni a babban yatsa, farcen ya yi baƙi nan take. Ya tsaya, ya dube ni.

"Buga, Baba," na ce. Ban saki ba.